Abin da Ban Rubuta a Tablo Ba

Talata, ƙarfe sha ɗaya, kwanon aji ya ɗau zafi.
Na rubuta waƙar a tablo, baiti bakwai,
alli ya karye a hannuna sau biyu.
Waƙar wani yaro ce da ya haƙa ƴar rijiya
a bakin tabki, da murfin langa,
ya kwana yana lissafin raƙuman da zai shayar,
da safe ya tarar shanu sun tattake ta.

Na ce, ku nemo mini jigo.
Arzika ya ɗaga hannu, bai jira izini ba:
"Yarinta ne, Mushe." Na ce, rubuta.
Tsahara ta ƙirga gaɓoɓi da yatsa a kan benci,
ta ce layi na huɗu yana ɗingishi.
Gaskiyarta. Yana ɗingishi
daidai inda shanun suka shigo.
Na ce, ku ja layi a ƙarƙashin "rijiya",
ku gaya mini me take wakilta.
Aji ya yi tsit. Wata akuya a bayan taga ta ba da tata amsa.

Can a bencin ƙarshe, Baraka, wadda ba a jin muryarta,
ta ce, "Mushe, me ya hana shi haƙa wata?"
Yara suka yi dariya. Ni ban yi ba.

Ina ɗan shekara takwas a Funkoye
na tsinci ɗan gawo a gefen gonar kakana,
tsawonsa bai kai gwiwata ba.
Na kewaye shi da ƙaya saboda awaki.
Duk rani ina satar masa ruwa daga randa
a gwangwanin tumatir, rabi yana zubewa a hanya.
Inna ta doke ni sau biyu, ban daina ba.
Ya yi kore shar, lokacin da komai ya ƙone,
ina zama gefensa ina auna inuwar da bai yi ba tukuna.

Sai shamuwa ta sauka, hadari ya haɗo daga gabas,
gero ya tsiro, tafasa ta rufe turba,
duk wani kara a Adar ya ci ado.
Nawa kuwa ya zubar da ganye, ɗaya bayan ɗaya,
ya tsaya tsirara a cikin ruwan sama.
Na jira kwana tara.
Na ce ya mutu, ya ci amanar ruwana.
Na tuge shi. Saiwar ta ninka shi uku a tsawo,
ta yi ta jayayya da ni kafin ta tsinke.

Kaka ya zo, ya dubi ramin, ya dubi hannuna.
Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi.
Ya ce, "Nomau, gawo ba ya shan ruwa tare da jama'a.
Barci yake. Da ka bar shi zuwa kaka..."
Bai ƙarasa ba, ya saɓa hauya ya koma kunyarsa.

Aka buga ƙarfen tashi.
Baraka tana kallona, biro a bakinta.
Na ce, "Wannan ba za ta fito a jarrabawa ba."
Na juya na rubuta da manyan baƙaƙe:
Jigo, yarinta da takaici.
Suka kwafa, suka rufe kaye, suka watse.

Da la'asar na bi ta tabkin Babaye a kan babur.
Ruwan ya janye, laka ta tsage kamar dunduniyar manomi.
Wani makiyayi yana barci ƙarƙashin gawo,
awakinsa suna tsintar ƴaƴan da suka zubo.
Na tsaya, inji yana ci, na ƙirga da yatsu kamar Tsahara:
shekara talatin da huɗu.
Da yanzu nawa ya kai haka, ko ya ɗara.

Ban sake dasa wani ba, Baraka.
Ni ma ban san me ya hana ni ba.